Man Jimina a Famfon Fitila

Ƙarfe huɗu na yamma ta ɗan gota, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, ta wajen matatar mai, har wutar nan da ke ci a kan dogon bututunta ba dare ba rana ta koma kamar ƙyallin ashana. Iska ta fara kaɗa dalbejiyar da ke bakin titi. A da, irin wannan lokaci Jethro ba ya samun sararin ko sosa ƙeya. Ma'aikatan gwamnati sun tashi daga ofis sun ƙetaro gada za su Barnawa, masaƙun Kakuri sun busa jiniya, kowa yana so ya sha mai ya isa gida kafin ruwa ya sauko. Yau kuwa yana zaune a kan dakalin famfo, ya harɗe hannu, yana kallon motoci.

Da wucewa suke yi su tafi abinsu, da da sauƙi. Sai sun zo daidai ƙofar gidan man nasu su rage gudu, su kunna sigina, su karya su shiga na tsallaken titi. Layin can har ya kai shagon mai faci.

Gidajen man biyu kowanne yana da sunan Turanci a allonsa, amma babu mai wahalar da harshensa. Na su Jethro hoton jimina ne a jiki, sai ake ce masa Mai Jimina. Na tsallake kuma Mai Fitila. Shekara goma sha shida ke nan Jethro yana riƙe da kan famfo a Mai Jimina, tun yana sabon zuwa daga Zonkwa bai san ta ina ake buɗe tankin Fijo ba. Da aikin nan ya ɗauko iyalinsa daga ƙauye, da shi ya kama ciki da falo a Kakuri, da shi ya kai 'yarsa Esther har kwaleji, ita kaɗai da ta rayu cikin huɗun da Allah ya ba su. Motocin unguwa da kukan injinsu yake gane su tun kafin su karyo kwana. Akwai ma waɗanda ba sa buɗe baki, sai dai su ɗaga masa yatsu, ya san abin da za a zuba.

Sati uku da suka wuce ne wata 'yar takarda ta shigo gari. Gefe ɗaya Turanci, gefe ɗaya Hausa, ga hoton wata mata da ya dushe wajen bugu, ta rungume yaro a tsakiyar titi, bakinta a buɗe. A ƙasa aka rubuta da manyan baƙaƙe kada kowa ya sha man Mai Jimina, wai ɗanyen mansu daga hannun Turawan Afirka ta Kudu yake fitowa, masu harbin 'ya'yan baƙar fata. Wani kwamitin ɗalibai ne ya sa hannu. Aka karanta ta a tashar mota, aka karanta a ƙofar coci, aka karanta a ƙofar masallaci bayan an sallame. Rabon da mutanen kudancin gada su haɗa baki a kan abu ɗaya haka, an daɗe. Wani ma ya ƙara da cewa ai ita kanta jiminar tsuntsuwar can ƙasar ce, a duba da kyau. Aka duba, aka girgiza kai.

Yana nan zaune sai ga wata tasi ana turo ta, direban shi kaɗai, hannu ɗaya a sitiyari, kafaɗa a jikin ƙofa. Jethro ya miƙe. Ɗanjuma ne, wanda ya fi shekara bakwai yana shan mai a hannunsa. Mai ya ƙare masa a hanya, ga shi ya iso daidai bakin Mai Jimina, taku goma tsakaninsa da famfo.

"Malam Ɗanjuma! Karyo nan mana, ga famfo babu kowa."

Ɗanjuma ya tsaya yana haki, ya share gumi da hularsa. Ya dubi famfon, ya dubi titi hagu da dama.

"Jethro, ka yi wa Allah ka yi haƙuri. Ƙungiya ta ce duk direban da aka gani a nan, sati biyu ba shi ba lodi a tasha."

"To wa zai gan ka? Hadari ya kori kowa."

"Ga su can a layi, idonsu a kanmu yake." Ya sake sa kafaɗa. "Ka gai da Maman Esther."

Haka ya tura motar ya wuce, ya jira titi ya yi sarari, ya tsallaka da ita yana nishi, ya je ya bi bayan layi. Daidai nan ruwa ya kece. Jethro ya ja baya ƙarƙashin rumfa, yana kallon yadda ruwan yake dukan bayan rigar Ɗanjuma.

*

Sai wajen biyar da rabi ruwan ya tsagaita. Mista Alexander, manaja, ya leƙo ta tagar ofis ya yafito shi. Shi mutum ne da ba ya iya kallon ido idan zai faɗi abu marar daɗi, sai ya riƙa gyara takardun da suke a gyare.

"Baba Jethro, zauna. Maigida ya aiko. Ya ce idan wata ya ƙare motoci ba su dawo ba, a kulle."

"A kulle kamar yaya, Oga?"

"Kamar yadda ka ji. Sarƙa da kwaɗo." Ya jera takardun, ya sake jera su. "Amma kai kada ka tayar da hankalinka. Akwai gurbin mutum ɗaya a tsallake, na kuma ce kai ne. Wa ya kai ka daɗewa a nan?"

Wannan ita ce maganar da ma'aikata suka sani amma ba a faɗa: gidajen man nan biyu na mutum ɗaya ne. Shekara uku da suka wuce Maigida ya gina Mai Fitila da sunan ƙanen matarsa, don kamfanin Jimina ba ya yarda dillalinsa ya riƙe allon wani kamfani. Duk wanda ya shigo aiki, kafin a nuna masa famfo, sai an nuna masa yadda ake kame baki.

"Sai kuma jibi Lahadi," in ji manaja, ya rage murya. "Ka zo ƙarfe shida na safe. Tanko zai kawo tanka. Man da ke rijiyarmu ya zauna, can kuwa ba ya isar su. Za a zuƙe a tsallaka da shi."

"Man Jiminar?"

"Mai dai. An rubuta masa suna a goshi ne? Kai za ka yi awo, don ba na son hannu da yawa. Wannan magana daga ni sai kai sai Tanko. Ko Monday kada ya ji."

Monday shi ne mai ɗaya famfon, magidanci ne mai 'ya'ya ƙanana biyu, shekararsa shida da zuwa. Da Jethro ya fito sai ya tarar da shi yana share ruwan da ya taru a dakali, share ɗin da babu wanda zai taka. Su biyar ne a gidan man, gurbi kuwa ɗaya. Jethro bai ji daɗin da ya kamata ya ji ba. Shi ba tsallake yake so ba. So yake motocinsa su dawo, ya ji an yi hon an ɗaga masa yatsu. Tun daga nan wani tunani ya fara bin sa: da mutane za su san man ɗaya ne, ai da an gama.

*

Da ya isa gida rana ta faɗi. Celina, matarsa, ta dawo daga ƙofar masaƙa inda take suyar doya da ƙosai, ta dama faten acca da yakuwa. Ranar Juma'a ce, Esther ma ta zo hutun ƙarshen mako. Suka zauna su uku a falo, ƙofa a buɗe don iskar bayan ruwa.

"Baban Esther, ka san abin da aka yi jiya a zumuntar mata?" in ji Celina. "Maman Juliana ce ta ja addu'a. Ta ce Ubangiji ya buɗe idon masu cin abinci da jinin 'yan'uwansu. Ba ta kira suna ba. Kowa ya ce amin."

"Ke fa?"

"Na ce amin mana. Shiru zan yi a ce da ni ake?"

Jethro ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Idonsa ya sauka a kan hannun Esther da ke riƙe da cokali. Yatsunta uku sun rine da shuɗi, har cikin farce.

"Wannan shuɗin fa, Uwata?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Ta mayar da hannun ƙarƙashin zane. "Tawada ce, Baba."

"Ta jarrabawa?"

Ta daɗe tana juya faten. Esther ba ta iya ƙarya ba, tun tana ƙarama idan ta fasa kwano ita ce ke kawo shi.

"Ta injin gurza takarda ce. Ni nake juya shi."

Celina ta saki cokali. "Yesu! Ke ce? Takardar nan da ta zaunar da ubanki sati uku kamar mai gadin maƙabarta, daga hannunki take fita?"

"Mama, ba da Baba ake ba. Da kamfani ake."

"Kamfanin ne ya haife ki?"

"Kin ga hoton kuwa? Yara ne 'yan makaranta, kamar na gidan nan, ake bin su da bindiga da karnuka a ƙasar iyayensu. Mu ba mu da bindiga, Mama. Abin da muke da shi kawai mu ƙi saya."

Jethro ya ga da gaske take, ya kuma ji wani abu mai kama da alfahari ya cakuɗe da ɓacin ransa. Ya ɗaga wa matarsa hannu.

"Ban ce ƙarya ba ne abin da ake yi musu," ya ce a hankali. "Ni ma ina jin rediyo. Amma man nan da nake zubawa, daga bayan garin nan ake ɗauko shi. Wutar matatar ma kina hango ta idan kin fita ɗiban ruwa."

"Ɗanyensa fa, Baba? An ce wani ta jirgin ruwa ake kawo shi."

"Ni ban taɓa ganin teku ba. Abin da manyan kamfani suke ƙullawa a can, ban sani ba, ba kuma zan yi miki ƙarya ba. Abin da ke cikin rijiyata na sani."

Kashedin manaja ya dawo masa. To amma ai manaja bare yake nufi, wannan kuwa 'yarsa ce, ita ce kuma take zama ɗaki ɗaya da masu rubuta takardar. Idan ta faɗa musu, ai su masu ilimi ne, masu neman gaskiya ne. Takarda ta kori motoci, takarda za ta dawo da su. Monday ma ya tsira, da sauran.

"Jibi Lahadi ki tashi da wuri ki raka ni aiki," ya ce. "Ki tsaya daga nesa ki yi kallo. Abin da kika gani, kin fi ni sanin inda za ki kai shi."

"Baban Esther, cocin fa?"

"Ki roƙa mana, mu biyu."

*

Safiyar Lahadi gari ya waye da sanyin damina, titi babu kowa sai karnuka da mai tura baron burodi. Jethro ya tsayar da Esther a gindin dalbejiya, bayan tayoyin mai faci, ya shiga ya sa rigar aiki. Shida da kwata sai ga tankar ta iso tana huci. A gefenta akwai hoton jimina babba, amma yau an ɗaure tampol a kai, ƙafafun tsuntsuwar kaɗai suka leƙo ta ƙasa.

Malam Tanko ya diro, goro a kumatu. Bakatsine ne mazaunin Makera, shekara goma yana kawo musu mai, shekara goma suna tsokanar juna.

"Mutumin Zonkwa! Yau an bar wa Fasto cocinsa ke nan?"

"Kai da tun da na san ka a cikin mota kake sallar asuba."

"Ƙarya kake yi mini. A daffon da muke lodin mai nake yin ta, cikin jam'i. Direban Jimina, direban Fitila, direban kowa, sahu ɗaya. Mu sallame mu bi layi ɗaya, mu sa baki a bututu ɗaya. Bambancinmu fenti ne. Buɗe mana rijiya, kada rana ta tona mu."

Jethro ya durƙusa ya kwance murfin ƙarfen. Ya zura doguwar sandar awo har ta taɓa ƙasa, ya zaro ta a hankali, ya duba inda jiƙar ta tsaya, ya faɗa wa manaja da ke tsaye daga baya da biro. Aka jona tiyo, aka tayar da ɗan injin zuƙa. Kusan awa guda tiyon yana motsi kamar maciji mai haɗiya. Jethro ya tsaya yana jin yadda rijiyar da ya yi shekara goma sha shida yana gadinta take komawa fanko a ƙarƙashin ƙafarsa. Sau biyu ya saci kallon dalbejiya. Tana nan, ta rungume hannu.

Da aka gama, manaja ya riga su tsallakawa. Tanko ya hau mota, ya leƙo ta taga.

"Shekara ashirin ina tuƙi, na je Fatakwal, na je Maiduguri, ban taɓa tafiya mai albarka irin wannan ba. Mai ya shiga motata da zunubi, a tsakiyar titi zai tuba, ya sauka can tsarkakakke." Ya ƙyalƙyale da dariya. Yana cikin dariyar idonsa ya kai gindin bishiya, sai ta tsaya masa a wuya. "Waccan ba 'yar bokonmu ba ce?"

"Ita ce."

"Oga ya san da ita?"

"Kallo kawai take yi."

Tanko ya tofar da tuƙar goro. Ya daɗe yana duban abokin nasa.

"Jethro, ni dai ban ga kowa ba. Kai ma da ka bari ba ta gani ba."

Ya tayar da mota. Tafiyar ba ta kai ya sa giya ta biyu ba. Ya karya kwana, ya shiga Mai Fitila, aka jona tiyo, man ya fara sauka. Kafin ƙarfe takwas motar farko ta tsaya a famfonsu, mutum da iyalinsa cikin kayan coci, yara a baya sun sha kwalliya. Ta biyu ta biyo, ta uku ta biyo.

A hanyar gida, da suka kusa shiga layinsu, Esther ta dube shi.

"Gobe zan faɗa wa ciyaman ɗin kwamitinmu, Baba. Da idona na gani."

Jethro ya tsaya wajen mai baro ya sayi burodi babba, irin wanda ba ya saya sai Kirsimeti.

*

Ranar Litinin ya riga kowa zuwa. Ya wanke famfunan biyu da omo, ya goge gilashin mita har yana ɗaukar ido. Duk wanda ya gifta da takarda a hannu sai ya bi shi da kallo, ko sabuwar ce ta fito. Litinin ta wuce. Talata ta wuce. Monday ya tambaye shi me ya samu yake ta fito haka, ya ce babu komai, shi dai ya yi addu'a.

Ranar Laraba da ya dawo gida sai ya tarar da Esther zaune a bakin ƙofa, ba ranar zuwanta ba. Ba ta ko cire takalmi ba. Ya zauna kusa da ita a kan benci.

"Ciyaman ya saurare ni har ƙarshe," ta ce, idonta a ƙasa. "Sai ya ce, 'Kwamared, kada ki rikita jama'a. Dole mutane su sha mai a wani wuri. Idan muka ce duk ɗaya ne, kowa zai koma inda ya saba, wahalar wata guda ta tashi a banza. Allon muke so ya sauka.' Na ce to ai mai gidajen ma ɗaya ne, kamar yadda ka gaya mini. Ya ce ya sani."

"Ya sani?"

"Motar da muke yawon raba takarda da ita, Mai Fitila ne yake zuba mata mai kyauta. Wai gudummawa. Ni ban sani ba, Baba, sai ranar."

Wata mata ta wuce da bokiti ta gaishe su, suka amsa tare.

"Sai ya tambaye ni wa ya nuna mini."

Jethro ya juyo ya dube ta.

"Na ce babana. Na faɗa ne don ya san ba jita-jita ba ce. Na ce shekararka goma sha shida a wurin, ba ka taɓa yi wa kowa ƙwange ba, kowa ya san ka." Ta ɗago, ta ga fuskarsa, sai a lokacin ta gane. "Baba, na yi laifi ne?"

Ai shi ya ce ta je ta faɗa. Bai ce mata ta ɓoye sunansa ba, don bai taɓa zaton sunansa abin ɓoyewa ba ne.

"Kin ci abinci, Uwata?" ya ce. "Tashi ki cire takalmin nan."

*

Ranar ƙarshen wata, tun da safe manaja ya yafito shi. Teburin babu komai a kai sai takarda ɗaya, ita yake ta juyawa.

"Baba Jethro, ni ban san me zan ce maka ba. Shugaban ɗaliban nan ya je shan mai a tsallake, ya ce a ja kunnen wani dattijo a nan da yake son ɓata tafiya. Magana ta kai ga Maigida. Da kansa ya kira ni. Ka san idan kamfani ya ji an kwashe mansa an kai wani allo, ba kai kaɗai ba, har ni."

"'Yata ce, Oga."

"To ai ka gani." Ya ɗago ido karo na farko, ya sake saukewa. "Na ce maka daga ni sai kai. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

"Ka faɗa."

"Gurbin an ba Monday. Ka kawo rigar aiki gobe, a wanke. Ta kamfani ce."

Jethro ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Monday yana da saurin mantuwa idan mutane sun yi yawa. A riƙa tuna masa ya mayar da mita kafin ya zuba."

Manaja ya ci gaba da juya takardar.

Da azahar ɗaliban suka iso cikin motarsu, suna waƙa suna buga jikinta. Jama'a suka taru, 'yan tasi, 'yan masaƙa, mata masu talla. Masu aikin da aka ɗauko suka hau tsani, suka kwance allon, suka sauko da shi da igiya. Da ya kusa ƙasa igiyar ta suɓuce, jiminar ta faɗi rub da ciki a cikin taɓo. Wurin ya kaure da sowa. Ciyaman ya hau kan mota, siririn saurayi mai gemu da tabarau, ya ce yau mutanen Kaduna sun nuna wa duniya ba a sayen su, yau 'yan'uwanmu na can sun san ba su kaɗai ba ne. Maganar ta yi daɗi. Jethro da kansa ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Yana tsaye a cikin taron da rigar gida, ta aikin a naɗe a hammata. Wani da bai san shi ba ya dafa kafaɗarsa.

"Baba, mun yi nasara!"

Ya gyaɗa masa kai. Ya duba cikin ɗaliban, bai ga Esther ba.

A gida ya same ta. Ta karɓi rigar daga hammatarsa ba tare da ta tambaya ba, ta kai bakin famfon tsakar gida, ta durƙusa tana cuɗa ta. Ta wanke, ta ɗauraye, ta sake wankewa. Celina tana zaune a kan turmi, ta zuba tagumi, kaskon suyarta a gefe ba ta ko kankare shi ba.

"Baba," in ji Esther, ba ta juyo ba, "abin da ake yi wa mutanen can, gaskiya ne fa."

"Na sani."

"Ba ƙarya muka yi a kan wannan ba."

"Na sani, Uwata. Matse ta haka, kada ta yage."

Saura sati uku a koma sabon zango a kwaleji, ga kuɗin makaranta. Babu wanda ya ɗauko maganar.

*

Ya bi gidajen man hanyar Kachia ɗaya bayan ɗaya, ya je har Gonin Gora a ƙafa. Ko'ina an san shi, ko'ina an ba shi kujera da ruwan sha. Sai dai labarin ya riga shi isa. Wani manaja ma ya faɗa masa a fili, cikin girmamawa: aiki kam Baba ya iya, amma masu gidajen mai suna zama wuri ɗaya, an kuma ce Baba yana da baki.

Wata safiya kananzir ya ƙare a gida. Celina ta tsaya da galan a hannu tana duban sa, ta kasa faɗa. Ya karɓa. Duk yankin babu inda ya rage ana sayarwa sai Mai Fitila.

Layin kananzir ya yi tsawo, mata ne da yawa, da galan-galan da kwalabe. Ya bi baya. A tsallaken titi an kewaye tsohon wurinsa da sarƙa, ciyawa ta fara leƙowa ta tsagar siminti, wata akuya ta kwanta a kan dakalin famfo. Ya juya mata baya. A nan kuwa Monday yana ta fama da motoci cikin sabuwar riga, wannan ya yi hon, wancan ya yi tsawa. Sun haɗa ido sau ɗaya, Monday ya yi sauri ya sunkuyar da kai.

Layi ya matsa, ya sake matsawa. Saura mutum huɗu a gabansa sai wata farar Fijo ta tashi daga famfo. Jethro ya hango murfin tankinta a kan but, inda Monday ya ajiye shi ya manta, bakin tankin a buɗe, fetur yana ɗan fantsalowa. Motar ta gangara bakin titi ta tsaya, tana jiran sarari.

Ya ajiye galan ya bi ta da sassarfa. Ya ƙwanƙwasa gilashi. Mutumin da ke ciki, mai kwat da jarida a cinya, bai juyo ba.

"Allah ya ba da haƙuri, Baba," ya ce, ya ƙarasa ɗaga gilashin.

Jethro ya zagaya baya, ya ɗauki murfin, ya ɗaura shi, ya murɗa har sai da ya ji ya kama. Ya danna ɗan ƙyauren ya rufe. Titi ya yi sarari, motar ta harba.

Da ya dawo, layi ya haɗe, an ture galan ɗinsa gefe da ƙafa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya goge hannunsa a jikin wando, ya koma can baya ya tsaya.